Zari-ruga ta 'yan 13 ko ta 'yan 15: wacce yaro zai kama?

Yayana da ke zaune a Leeds ta Ingila ya kira ni kwanan baya, muna gama gaisawa ya ce, "Ɗanka fa ya sa ni a gaba." Yaron shekararsa 15. Ranar Asabar yana buga wa makarantarsu zari-ruga ta mutum 15 a kowane ɓangare, wadda ake kira Yuniyon, ranar Lahadi kuma ya tafi kulob ɗin unguwa ya buga ta mutum 13, wadda ake kira Lig. Yanzu masu horar da shi, na can da na nan, kowa ya ce lokaci ya yi da zai tsaya wuri guda. Da uban ya miƙa masa wayar sai ya ce mini, "Baffa, ai Sonny Bill duka biyun ya yi, kuma kowanne ya ci kofi."

Bai yi ƙarya ba. Sonny Bill Williams, haifaffen Auckland ta Niyuzilan a 1985, ya fara bugawa a babbar gasar Lig ta Ostireliya, NRL, a 2004 tare da Bulldogs, kuma a shekarar suka ɗauki kofi yana ɗan shekara 19. A tsakiyar kakar 2008, da sauran shekaru a kwantiraginsa, ya hau jirgi ba sallama ya sauka Toulon ta Faransa don ya buga Yuniyon. Sai da aka biya Bulldogs diyya kafin ƙura ta lafa, kuma an daɗe ana zaginsa a Sydney. A zaman Toulon ɗin ya karɓi Musulunci. A 2010 ya koma gida, a watan Nuwamba ya sa baƙar rigar All Blacks, tawagar Yuniyon ta ƙasar Niyuzilan, karon farko, ya zama Musulmi na farko da ya saka ta. Ya ci kofin duniya a 2011, ya ci gasar Super Rugby da Chiefs a 2012, ya koma Lig ya ci NRL da Sydney Roosters a 2013, ya sake dawowa Yuniyon ya ƙara cin kofin duniya a 2015. Wasa 58 ya buga wa All Blacks. Tsakanin wannan da wancan kuma yana shiga zobe ya yi dambe. Wane yaro ne zai ji wannan bai ce shi ma haka zai yi ba?

Sai dai akwai abin da jerin kofunan ke rufewa. Bai taɓa haɗa wasannin biyu a kaka ɗaya yana matashi mai neman gurbi ba. Sai da ya zama gwanin da ake rububi a Lig sannan ya tsallaka, shi ya sa duk inda ya je aka yi haƙuri da shi har ya koya. Taura biyu ba ta taunuwa, shi ma ɗaya bayan ɗaya ya tauna. Sannan a wasannin ƙarshe na kofin duniya guda biyun da ya ci, daga benci ya taso: a 2011 saura 'yan mintuna a tashi, a 2015 bayan hutun rabin lokaci, inda ya miƙa wa Ma'a Nonu ƙwallon da ya ruga ya ci. Kuma tsohuwar ɗabi'a ba ta sake shi ba. A 2017 a Wellington, a karawa da Lions, haɗaɗɗiyar tawagar Birtaniya da Ayilan, ya banki kan Anthony Watson da kafaɗa bai zagaya shi da hannu ba, irin bangazar da aka taso da ita a Lig ta zamaninsa. Alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati, ɗan All Blacks na farko da aka kora daga fili cikin shekara 50, aka kuma doke su da ci 24 da 21. Wannan bayan ya yi shekaru yana buga Yuniyon ke nan.

Wanda bai saba kallo ba zai ce ai duk abu ɗaya ne: ƙwallo mai siffar ƙwai, minti 80, ba a jefa ta gaba da hannu, ana cin maki idan an dangwala ta a bayan layin abokan karawa. Bambancin yana wurin abin da ke faruwa idan aka kayar da mai riƙe da ƙwallo. A Lig, wanda aka kayar zai miƙe ya tura ƙwallon baya da ƙafa, masu tsaro su ja da baya mita 10, a sake zuwa. Sau shida aka ba ka. In ba ka ci ba ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, shi ya sa galibi bayan kamu na biyar ake buga ta da ƙafa can nesa. A Yuniyon kuwa, wanda aka kayar dole ya saki ƙwallon nan take, sai wawaso ya tashi a kanta, kowa na iya ƙwacewa in ya bi ƙa'ida. Ƙa'idojin wannan wawason, ta ina ake shiga, yaushe ake sa hannu, yaushe ake cirewa, su ne ke rikita duk wanda ya zo daga Lig. Ga kuma turereniyar da ƙarti takwas-takwas ke haɗa kafaɗa su yi da gaske, alhali a Lig mutum shida ne kuma kusan al'ada kawai ake cikawa. Ga jifa daga gefen fili inda ake ɗaga dogo sama ya cafke, abin da babu shi sam a Lig. Makin ma ya bambanta: dangwalawa 5 ce a Yuniyon, 4 a Lig, bugun fanareti 3 ne a Yuniyon, 2 a Lig, don haka ana iya cin wasan Yuniyon da ƙafar mutum ɗaya, abin da ke wuya a Lig.

Abin da wannan ke nufi ga jikin ɗan wasa shi ne, Lig tana son kowa ya iya kusan komai: gudu, kamu, ja da baya mita 10, dawowa, ba hutawa. Ɗan tsakiyar rundunar gaba na iya yin kamu 30 ko 40 a wasa ɗaya, adadin da a Yuniyon in mutum ya yi rabinsa ana yaba masa. Yuniyon ita kuma kasuwa ce mai rumfuna, kowa da sana'arsa. Akwai gurbin gajere mai kaurin wuya, akwai na dogon da ya kai mita 2, akwai na ɗan ƙaramin mai rarraba ƙwallo. Mai tsawon mita 2 da ba shi da saurin juyawa, a Lig wahala zai sha, a Yuniyon kuwa nemansa ake yi ido rufe.

A nan ne zaɓin yake, ba a wurin wanne ya fi daɗin kallo ba. Na ce wa yaron ya ajiye Sonny Bill ya dubi sauran da suka tsallaka, ya lura da gurbin da kowannensu ke bugawa.

'Yan gefe da 'yan baya masu gudu, su ƙofar a buɗe take gare su. Jason Robinson, ɗan garin Leeds ɗin da suke zaune, ya yi shekaru yana cin kofuna da Wigan, ya koma Sale ta Yuniyon a 2000 yana ɗan shekara 26, cikin 'yan watanni ya shiga tawagar Ingila. Shi ya dangwala wa Ingila ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2003, ya buga mata wasa 51, har kyaftin ya yi. A wannan wasan na 2003, wanda ya ci wa Ostireliya ma, Lote Tuqiri, daga Lig ya fito, haka Wendell Sailor da Mat Rogers da ke cikin tawagar. Israel Folau ya shigo a 2013 ya buga wa Ostireliya wasa 73. Semi Radradra na Fiji ya bar Parramatta a 2017 ya je Toulon, daga baya ya rataya zinaren Olamfik a Tokyo. Joseph Suaalii kuwa a Nuwamban 2024 aka jefa shi gaban Ingila a Twickenham tun bai buga wasan kulob na ƙwararru ko ɗaya a Yuniyon ba, kuma shi aka zaɓa gwarzon wasan, ko da yake shi ya buga Yuniyon a makaranta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kama ƙwallo a sama, kauce wa mai tsaro, gudu a fili, duk yare ɗaya ne a wasannin biyu.

Ƙartin gaba fa? Nan labari ya sha bamban. Sam Burgess ya buga wasan ƙarshe na NRL a 2014 da karyayyen ƙashin kunci tun daga karon farko, ya ci kofin da South Sydney, aka ba shi kyautar gwarzon wasa. Babu mai shakkar jarumtarsa. Ya zo Bath, kulob ɗin Yuniyon a Ingila, a ƙarshen shekarar, kulob ya ga ya dace da rundunar gaba, masu horar da Ingila suka ce a'a ɗan tsakiya ne a layin baya. Aka yi ta ja da shi tsakanin gurbi biyu, bai ƙware a ko ɗaya ba, ya buga wa Ingila wasa 5, aka fitar da ita tun zagayen rukuni a kofin duniya na 2015 da ta karɓi baƙunci, aka ɗora masa laifin da ya fi ƙarfin rabonsa. Kafin shekarar ta ƙare ya koma Sydney. Andy Farrell, wanda a 2004 aka zaɓa gwarzon ɗan Lig na duniya, ya koma Saracens ta Yuniyon a 2005 yana dab da shekara 30, rauni ya cinye masa kakar farko, shi ma aka yi ta gardamar inda za a sa shi, wasa 8 kacal ya buga wa Ingila. Wanda ya karya wannan ƙa'ida shi ne Brad Thorn, da ya ci kofuna da Brisbane Broncos sannan ya ci kofin duniya na 2011 a tsakiyar turereniyar All Blacks. Amma shi a 2001 an kira shi tawagar ƙasa ya ƙi zuwa don bai tabbatar da zamansa a wasan ba, ya tafi ya dawo, ya shafe shekaru yana koyon sana'ar. Mutum ɗaya ne, kuma har yau in ana neman misali sunansa ake komawa.

Masu tsara wasa su suka fi kowa shan wuya, don abin da suka dogara da shi karatun fili ne, filin kuma ya canza. Benji Marshall, ɗaya daga cikin masu basirar da Lig ta taɓa gani, ya je Blues, kulob ɗin Yuniyon na Auckland, a 2014, bai kai ƙarshen kaka ba ya tattara ya koma. Har ma a cikin 'yan baya ba kowa ke dacewa ba: Roger Tuivasa-Sheck, gwarzon NRL na 2018, wasa 3 ya samu da All Blacks, bai je kofin duniya na 2023 ba, ya koma Warriors.

A da, ruwan ta ɗaya gefen yake gangarawa. Lig ta samo asali ne ranar 29 ga Agusta 1895, lokacin da kulob 22 na arewacin Ingila suka ɓalle bayan taro a otel ɗin George da ke Huddersfield, saboda hukumar wasan ta hana a biya ma'aikatan ma'adinai da masaƙu kuɗin yinin aikin da suke rasawa in sun je buga wasa. Shekara 100 cur Yuniyon ta zauna a kan cewa ba a biyan ɗan wasa, duk wanda ya je Lig kuma an rufe masa ƙofa, sai a Agustan 1995 ta amince da albashi. A wancan zamanin ne Martin Offiah, haifaffen Landan ɗan iyaye 'yan Najeriya, ya bar Rosslyn Park ta Yuniyon ya koma Widnes ta Lig a 1987. A 1992 Wigan ta saye shi fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya kan ɗan Lig ba a lokacin, kuma a shekarar ya dangwala 10 shi kaɗai a wasa guda da Leeds. (Wannan ban so na faɗa wa yaron ba, don Leeds Rhinos yake goyon baya.) Mutum-mutuminsa na nan a Wembley. Ya kamata a faɗa, Lig ta riga buɗe wa baƙar fata ƙofa: Clive Sullivan ya jagoranci Birtaniya ta ci kofin duniya tun 1972, sama da shekara 30 kafin Robinson ya ɗaura kambun kyaftin a Yuniyon. Yau kuma Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ya ja ragamar Ingila da ta Lions a 2025, don haka wannan hujjar ta rage nauyi.

Batun kuɗi, yayana shi ya fi matsa mini a kai. A cikin Ingila ba a haɗa su: a 2025, iyakar abin da aka yarda kulob ɗin Super League, babbar gasar Lig ta Ingila, ya kashe kan albashin 'yan wasansa a shekara fam miliyan 2.1 ne, na babbar gasar Yuniyon kuwa fam miliyan 6.4, ko da yake tawagar Yuniyon ta fi yawan bakunan ci. Ɗan Yuniyon kuma yana da kasuwanni: Faransa, Japan, Ayilan, Italiya, Afirka ta Kudu. Ɗan Lig kasuwa biyu gare shi, Super League da NRL, ta biyun ce mai maiƙo, kuma sai ka yi fice a Ingila sannan Ostireliya ta waiwaye ka. Amma kada a ruɗu da girman lamba. Tsakanin 2022 da 2023 manyan kulob uku na Yuniyon a Ingila, Worcester da Wasps da London Irish, suka durƙushe saboda bashi, 'yan wasa suka wayi gari ba aiki. Shi kansa Sonny Bill, kwantiragin da ya fi kowanne tsoka a rayuwarsa na Lig ne, da Toronto Wolfpack ta Kanada, kuma kulob ɗin ya janye daga gasar a tsakiyar 2020 lokacin korona, ya ƙarasa kakar a Roosters ya yi ritaya a 2021.

In ana maganar suna a duniya, Yuniyon ta yi nisa. Kofin duniyarta ana kallonsa ko'ina, Afirka ta Kudu ta ɗauke shi sau 4, na 2027 ƙasa 24 za su buga, ga kuma samfurin 'yan 7 da ya shiga Olamfik tun 2016. Kofin duniyar Lig ya girme shi, tun 1954 ake yi, amma Ostireliya ta ci 12, abin ya zama kamar gadonta. Lig tana da ƙarfi ne a wurare ƙalilan: gabashin Ostireliya, Papua New Guinea inda ita ce wasan ƙasa, kudancin Faransa, da garuruwan da ke jere a kan babbar hanyar M62, daga Hull zuwa Leeds da Wigan da St Helens.

To amma yaron a kan wannan hanyar yake zaune, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga gidansu, Rhinos da Castleford da Wakefield da Bradford da Huddersfield duk tafiyar ƙasa da awa ce, kowanne da makarantar renon matasa. Babbar gasar Yuniyon kuwa ba ta da kulob ko ɗaya a Yorkshire. Mafi kusa sai Sale a yankin Manchester ko Newcastle. Uban da ke aiki, wa zai riƙa kai yaro atisaye sau uku a mako a wannan nisa? A ɗaya hannun, hanyar Yuniyon a Ingila ta cikin makarantu take bi, musamman masu zaman kansu da ke ba yara masu hazaƙa tallafin karatu, sannan jami'o'i. Itoje ta makarantar Harrow ya bi, ya kuma yi digirin siyasa a jami'ar SOAS ta Landan yana buga wa Saracens. A Lig ana ɗaukar yaro da wuri, in aka sallame shi yana 19 ba takarda a hannu, ya shiga uku. Wannan ne kaɗai wurin da na ga hujjar yayana ta fi ta ɗansa, don shi uban Yuniyon yake so, ba don wasan ba, don karatun.

Yayana ya kuma tambaye ni batun addini, na ce masa kada ya sa ran wani ɓangare ya fi tsabta. Super League sunan kamfanin caca na Betfred take ɗauke da shi, gasar ƙasashe shida ta Yuniyon kuma sunan giyar Guinness. Zaman mashaya bayan wasa al'ada ce a duka biyun. Abin da ke akwai shi ne an riga an share hanya. A 2017 Sonny Bill ya manna filasta a kan tambarin banki da ke wuyan rigarsa ta Blues saboda kuɗin ruwa, hukumar wasan ƙasarsa ta amince masa. Tun kafin shi, abokin wasansa a Bulldogs, Hazem El Masri ɗan asalin Labanan, yana bugawa da azumi a bakinsa, kuma ya yi ritaya a 2009 yana riƙe da tarihin yawan maki a gasar. Rauni ma haka, ba inda za a gudu. Tsofaffin 'yan wasa na ɓangarorin biyu sun kai hukumominsu kotu a Birtaniya kan illar bugun kai, kuma Steve Thompson, wanda ya ci kofin 2003 tare da Robinson, ya ce ba ya tuna wasannin. Uwar yaron ya kamata a zauna da ita a kan wannan kafin a sa hannu a kowace takarda.

Shawarar da na bayar ga ta. Yaron da jikinsa ke nuna zai zama ƙato, dogo ko mai kauri, ya kama Yuniyon tun yanzu, don turereniya da tsallen gefen fili ba a koyonsu da gemu. In daga baya ya so Lig, sauke kaya ya fi ɗauka sauƙi. Mai tsara wasa ya zaɓi ɗaya ya mutu a kanta. Mai gudu, ɗan gefe ko ɗan tsakiya, shi ne kaɗai ke da damar jinkirta hukunci, kuma in a arewacin Ingila yake, na fi son ya fara da Lig: zai riƙa taɓa ƙwallo da yawa, zai koyi kamu da tsaro irin wanda ya sa manyan ƙasashen Yuniyon ke ɗauko tsofaffin 'yan Lig su koyar da su, kamar Shaun Edwards a Wales da Faransa, da Farrell ɗin nan da bai yi tasiri a fili ba amma ya zama kocin Ayilan. In zai tsallaka, ya yi kafin ya wuce 25 ko 26, ya tafi da kwantiragin da ya ba shi aƙalla kaka biyu, kuma a rubuta gurbin da zai buga tun kafin ya sauka. Sharaɗi ɗaya na gindaya: in wata makaranta mai kyau ta ba shi tallafin karatu don Yuniyon, a karɓa, Lig ba za ta gudu ba.

Ɗan namu ɗan tsakiya ne, yana da gudu, tsawonsa bai kai mita 1.80 ba, don haka na ce Lig. Har ya fara murna sai yayana ya karɓe wayar ya ce, "Kai ma ka san dangin uwarsa, duk sai sun sunkuya suke shiga zaure, kuma takalmin da na saya masa da ƙaramar sallah ya riga ya matse shi." Muka bar maganar a kan ya ƙarasa wannan kakar yadda yake, a sake auna shi bayan jarrabawa.